Mai Shiƙa A Ɗakin Sanyi

In aka ambaci maganin ciwon daji, likita ne ke fara zuwa a zuciyar mai sauraro, sa'an nan watakila shehun malamin da aka buga hotonsa a jarida. Da wuya a tuna da ma'aikacin da ke yini cikin ɗakin da sanyinsa bai wuce digiri 4 ba, sanye da rigar sanyi ƙarƙashin farar rigar aiki, yana tsare da wani bututun gilashi da ruwa ke ɗiga daga gindinsa. Sana'arsa ita ce tace furotin, watau ware irin sinadarin gina jiki guda ɗaya tak daga cikin dubbai da ke cakuɗe a ƙwayar halitta. Duk wanda ya taɓa ganin mace tana shiƙa, ta koma ta yi bakace, ta ɗauko rariya ta tankaɗe, ya riga ya fahimci rabin aikin. Sai dai nan tsaba da ƙaiƙayi duk kamarsu ɗaya, kuma ido ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu.

Labarin maganin da ake kira asfarajines ya isa ya nuna matsayin wannan mutum. A shekarar 1953 wani masani a Jami'ar Cornell ta Amurka, John Kidd, ya lura cewa in aka yi wa ɓeraye masu wata irin sankara allurar ruwan jinin ɓeran Masar, sai ƙarin ya saɓe. Ruwan jinin doki ko na zomo kuwa ba ya yin haka. Abin ya zauna kamar almara har shekarar 1961, sa'ad da John Broome ya nuna cewa sirrin wani furotin ne da ke narkar da sinadarin asfarajin cikin jini. Ƙwayoyin jiki masu lafiya suna iya ƙera asfarajin da kansu, amma ƙwayoyin wata sankarar jini ba su iyawa sosai, sai dai su ci wanda jini ya kawo musu. In aka kwashe shi, yunwa ta kashe su.

To, ilmi ya samu, amma magani bai samu ba tukuna, domin ɓeran Masar nawa za a zuƙe wa jini kafin a yi wa yaro ɗaya magani? A nan ne masu tacewa suka karɓi ragamar. A 1964 Louise Mashburn da John Wriston na Jami'ar Delaware suka gano cewa bakteriyar nan ta hanji, E. coli, wadda ake iya renonta tuli cikin tukwane, tana da irin wannan furotin mai kashe ƙari. Daga baya aka tarar ashe iri biyu ne a cikinta, suna ɗaya, aiki kusan ɗaya, amma ɗaya kaɗai ke da kaifin kama asfarajin ɗan kaɗan da ke yawo cikin jini. Ɗayan hoto ne kawai a wajen magani. Ba don hannun da ya raba waɗannan tagwaye ba, da gwaji ya riƙa cin nasara yau ya fāɗi gobe, har a yanke ƙauna. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin a 1978. A farkon shekarun 1960 yaran da ke tsira daga wannan sankara ba su kai ɗaya cikin goma ba. Yau a ƙasashe masu hali kusan tara cikin goma ke tsira, kuma asfarajines na cikin jerin magungunan da ake haɗawa don a kai ga hakan.

Yadda aikin ke tafiya a yau bai rasa ban sha'awa ba. Ma'aikaci zai dasa wa bakteriya umarnin ƙera furotin ɗin da yake so, ya rene ta cikin romo ta kwana, ya fasa ƙwayoyinta, ya sa injin mai wulwulawa ya kwantar da tsaki. Ruwan da ya taso shi zai bi da shi ta cikin bututu mai cike da 'yan ƙwallaye ƙanana. Tun wajen 1988 aka samu dabarar liƙa wa furotin ɗan wutsiya mai son ƙarfen nikel, saboda haka shi sai ya maƙale, tarkace su wuce. Bayan wannan akwai bututu mai rarrabewa bisa caji, da wani bisa girma. A ƙarshe sai ya ɗiga kaɗan a wani faifai mai laushi, ya sa wutar lantarki ta ja, ya rina da shuɗi. In layi ɗaya ya fito, madalla. In layuka suka jeru kamar matakalar tsani, to, aikin mako guda ya koma baya. Furotin kuwa abu ne mai saurin fushi: zafi kaɗan, ko gishiri ya yi yawa, ko a girgiza shi ya yi kumfa, sai ya dunƙule kamar madarar da ta tsinke, ba ya kuma komawa.

Masu wannan sana'a sun kasu gida biyu, ko da yake mutum kan tsallaka daga wannan zuwa wancan. Na farko suna tace furotin ɗin da ke haddasa cutar, miligiram kaɗan, don a ga surarsa a gwada dubban sinadarai a kansa. Alal misali furotin ɗin KRAS ya shafe shekaru wajen 30 ana cewa ba shi da makama, sai a 2013 ɗakin binciken Kevan Shokat a Kalifoniya ya gano wani ɗan lungu a jikin wani nau'insa, har aka kai ga maganin sotorasib a 2021. Irin wannan lungu ba ya bayyana sai a tataccen furotin. Na biyu suna masana'anta, inda furotin ɗin shi ne maganin da kansa, kamar trastuzumab na sankarar mama da aka amince da shi a 1998. Su da manyan tankuna suke aiki, kuma kowane mataki sai an rubuta an sa hannu.

Wanda ya yi digirin farko a kimiyyar sinadaran jiki zai iya shiga a matsayin mataimaki, mai digirin digirgir kuwa shi kan tsara hanya ya jagoranci wasu. Gaskiya ita ce sana'ar ba ta cika kawo suna ba. A jami'a sau da yawa kwantiragi ne na 'yan shekaru, in kuɗin bincike ya ƙare aiki ya ƙare, kuma sunan mai tacewa kan maƙale a tsakiyar jerin marubuta, ko ma a saƙa shi cikin godiya da ƙananan baƙaƙe. Wannan rashin adalci ne, ko da an saba da shi. Saurayin da ke son tafi da guɗa gara ya nemi wata hanya tun da wuri. Aikin na mai haƙuri ne wanda ba ya ƙyashin rubuta cewa yau bai samu kome ba.

Darajar aikin ta fi fitowa fili a inda aka yi masa riƙon sakainar kashi. A 2017 ƙasar Burazil ta sauya inda take sayen asfarajines, masu bincike na can suka auna sabon suka tarar yana ɗauke da ragowar furotin na bakteriya da ya kamata a ce an tace, kuma ba ya daɗewa yana aiki cikin jini. A 2023 wani binciken 'yan jarida a Ingila ya nuna cewa nau'o'in da suka gaza a gwajin inganci sun shiga ƙasashe fiye da 90, akasarinsu masu ƙaramin ƙarfi. Kwalba iri ɗaya ce, farin gari iri ɗaya, suna iri ɗaya. Likitan da ya ɗaga ta ya duba a hasken taga ba zai ga bambanci ba, balle uban da ya sayar da gona ya biya kuɗinta.