Sunanka Yana Cikin Littafi?

A Fagge aka haife ni, kuma titi ne kawai tsakaninmu da Sabon Gari, amma in lokacin rajistar zaɓe ya zo sai in ga kamar garuruwa biyu ne.

Kakata ta sha ba ni labarin 1978, lokacin da hukumar FEDECO ta rubuta sunanta. Matan Arewa ba su taɓa jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979, bayan Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan magana. Har ta rasu katin yana ƙasan adakarta tare da 'yan kunnenta na aure.

To, 'yan'uwana ɗalibai, littafin nan ba ya san kowa sai wanda ya kai kansa. In ka cika shekara 18, hukumar INEC za ta ɗauki hotonka da zanen yatsunka, ta ɗaure sunanka a rumfa guda. Daga baya akan liƙa sunayen a mazaɓa don mai gyara ko ƙorafi. Wa ke zuwa dubawa? Shi ya sa mamaci kan daɗe a ciki.

Abin da ya fi damuna maƙwabtanmu ne. Wani abokina ɗan Sabon Gari, a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu, amma rajistarsa tana garin iyayensa a Kudu. Doka ta ba shi damar dawo da ita Kano, bai nema ba. Ran zaɓe yana ɗaki, kansilan da zai kwashe masa kwata kuwa wasu ne ke zaɓa.