Wayoyi bakwai tsakanin motarka da abin da take ja

1/ Sana'ata wayarin mota, a Kano. Tambayar da samari suka fi yi min ita ce: "Oga, soket ɗin nan mai zagaye a ƙarƙashin bamba ta baya na Tundra da Sequoia, na mene ne?" Yau zan warware. Zaren yana da ɗan tsawo, ku samu wuri. 🧵

2/ Motocin nan an ƙera su ne don kasuwar Amurka, inda mutum ke ɗaura jirgin ruwansa ko gidan kwanansa mai taya a bayan mota ya kama hanya. Soket ɗin shi ne bakin da mota ke magana da tirelar da take ja. Ramuka bakwai, kowanne da aikinsa.

3/ Ga su: wayar ƙasa, fitilun dare, sigina ta hagu, sigina ta dama, fitilar ribas, wutar batir mai bolt 12, sai ta bakwai, wayar birkin tirela. Wannan ta ƙarshen ita ce dalilin zaren nan.

4/ Kar ka yarda da launi ido rufe. A wani tsarin, ruwan ƙasa ita ce fitilar dare, rawaya hagu, kore dama. A tsarin tirelolin kwana kuma kore ce fitilar dare, ja hagu, ruwan ƙasa dama. Biyu ne kawai suke nan daram a duka: fara ta ƙasa ce, shuɗiya ta birki. Sauran, ɗauko mita ka gwada.

5/ Me ya sa tirela ke buƙatar birkinta? An auna birkin motarka da nauyinta ne da ɗan kayan da za ta ɗauka. Ka rataya mata tan biyu a baya, ka biyo gangare irin Hawan Kibo. Kai kana takawa, tirela tana tunkuɗo ka. Faifan birki ya yi zafi ya daina kamawa, ko tirelar ta wurgo gindin mota gefe su naɗe.

6/ Birkin tirelar Amurka galibi na lantarki ne. A cikin kowace taya akwai maganaɗisu. Idan wuta ta zo ta shuɗiyar waya, sai ya manne da gangar birki, juyawar tayar ta ja wani hannu, shi kuma ya buɗe takalman birki. Kowane maganaɗisu yana shan kusan amfiya 3. Tayoyi huɗu, wajen 12 ke nan.

7/ Wutar nan ba ta zuwa haka kawai. Akwai ɗan akwati da ake ɗaurawa ƙarƙashin dashbod kusa da gwiwar direba, shi ke auna yawan wutar da za a aika. Na Tekonsha sun fi shahara. Wayoyinsa huɗu ne.

8/ Baƙa tana zuwa kan batir ta bayan bireka, amfiya 20 in tayoyi masu birki ba su wuce huɗu ba, 30 in sun fi. Fara tana zuwa ɗaya kan batir ɗin. Ja tana zuwa makunnin fitilar birki, ɓangaren da ba ya da wuta sai an taka. Shuɗiya ta bi ƙarƙashin mota har soket, kuma mai kauri, ba wayar rediyo ba.

9/ Akwatin iri biyu ne. Mai araha yana ƙirga lokaci, da ka taka sai ya riƙa ƙara wuta a hankali, ko birkin wasa ka yi ko na ceton rai. Ɗayan yana jin yadda motar ke rage gudu ya ba tirela daidai gwargwado. In abin da kake ja yana numfashi, na biyun za ka saya.

10/ Na ce yana numfashi don akwai wani dattijo mai dawakan folo da ya kawo min tirelar dawakai. Ya ce, "Yarona, duk sanda na taka birki dawakin nan sai sun durƙusa." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma."

11/ Wanda ya fara aikin ya haɗa shuɗiya kai tsaye da fitilar birki, ba akwati. Da an taɓa feda sai bolt 12 cur ta tafi tayoyi, su ƙulle. Doki yana tsaye a ciki da ƙafa huɗu, ba shi da bel. Gwiwar ɗaya duk ta sale. Kuɗin akwatin bai kai na jinyar dokin ba.

12/ Bayan an ɗaura, sai saiti. Nemi hanya shimfiɗaɗɗiya ba cunkoso, yi gudun kilomita 40, ja ɗan hannun da ke jikin akwatin ba tare da taka feda ba. In tayoyi sun ƙulle, rage. In ba ka ji tirela ta riƙe ka ba, ƙara. Inda ake so shi ne dab da ƙullewa. Kaya ya canja, saiti ya canja.

13/ Hannun nan yana da wani amfani. In tirela ta fara rangaji a baya kamar jelar kifi, kar ka danne feda. Ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari, ka ja hannun. Birkin tirelar kaɗai zai miƙar da ku. Yawanci rangajin daga lodi ne, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ya kamata ya zauna kan ƙugiya.

14/ Akwai kuma ɗan makunni a wuyan tirela mai fil da igiya, da ƙaramin batir nasa. In tirela ta ɓalle, igiya ta fizge fil, birki ya kama da kansa. A Amurka doka ta ce ya riƙe minti 15. A ɗaura igiyar a jikin mota, ba a kan ƙugiyar da ka iya karyewa ba.

15/ In tirelarka daga Turai ta zo, labari ya bambanta. Fulogi mai ƙafa 13 ko 7 na wani tsari, sigina daban da fitilar birki, birkin kuma na ƙarfe ne, tirela ta tunkuɗo sai ya kama. Can, duk wadda ta wuce kilo 750 dole ta zo da birki. Kar a yanke fulogi a murɗe wayoyi da salatif. Akwai na'urar da ke haɗa tsarin biyu.

16/ Abin da ke hana ni barci shi ne namu na gida. Mai walda ya haɗa tirela, an ɗora janareto ko tankin ruwa, ba fitila ko ɗaya. Da dare, a hanyar Kano zuwa Zariya, ɗan acaɓa yana ganin fitilar mota, bai san akwai ƙarfe mita uku a bayanta ba.

17/ Ƙannena masu koyon sana'a, galibin fitilar da ke wasa, ka sa sigina duka su yi ƙyaf-ƙyaf, matsalar wayar ƙasa ce. Ƙwallon ƙugiya mai tsatsa da giris ba ya isa. Kankare fenti, ɗaure fara a jikin ƙarfe mai haske.

18/ Kafin ka tashi, sa wani ya tsaya a baya. Hagu, dama, birki, fitilar dare, sannan ka ja hannun ka saurari ƙugin maganaɗisu a tayoyi. Minti biyu ne. Rigakafi ya fi magani.

19/ Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa da sunan motarsa da shekararta, zan amsa bayan isha'i in sha Allahu. A tura wa duk wanda kuka san yana jan kaya. Allah Ya kai mu gida lafiya.