Uwargida Da Amarya A Gindin Rumbu

A garinmu Wanke, ta ƙasar Gusau, ba don ado ake ajiye kyanwa ba. Mu can mussa muke ce mata, sai a littattafan makaranta na saba da kyanwa. Aikinta tsaron rumbu, gama gero da dawar da aka sha wahalar nomawa da damina, in aka bar wa ɓeraye, kafin bazara sai a tarar da rabin dami ya koma ƙaiƙayi.

Tamu mussar ta tsufa. Shekararta tara a gidanmu, har ta fara ganin ɓera ta kau da kai. Saboda haka da hutun da ya wuce Goggo ta aiko mana da 'yar ƙarama daga Bungudu a cikin kwando, 'yar wata biyu, lokacin da aka yaye ta ke nan.

To, kada ku ɗauka tsohuwar kyanwar Lami ce. Da ta hango kwandon sai ta gantsare baya, gashinta ya miƙe, ta yi ta huci. Baba ya ce abu biyu yake tsoro: ko ta kashe baƙuwar, ko ta yi yaji ta koma maƙwabta, rumbu ya zauna ba mai gadi.

Kakata ce ta raba gardama. Ta dube ni ta ce, "Maigida, kai da za ka yi mini kishiya, haka za ka turo ta ɗakina ba sallama?" Aka yi dariya. Ta sa aka kai ƙaramar ɗakinta aka rufe, da kaskon abincinta da na ruwa, da yashi a tsohuwar tasa don bayan gida.

Dabararta ta tsumma ita ce ta fi ba ni mamaki. Kullum da safe sai ta goga tsumma a kumatun ƙaramar, ta ba ni in ajiye inda tsohuwar take kwana a gindin rumbu, in kuma kawo na tsohuwar ɗaki. Ashe kyanwa da hanci take sanin nata. Shafar da take yi wa ƙafarka ko bakin ƙofa, wadda muke ɗauka soyayya ce zalla, ƙamshin jikinta take bari, alamar nan wurinta ne. Wanda bai ɗauke da wannan ƙamshi ba, ɓarawo ne a wajenta, ko da ɗan tayi ne. Ranar farko tsohuwar ta yi wa tsumman huci. Rana ta huɗu ta shinshina ta wuce. Rana ta shida na tarar ta kwanta a kansa.

Sannan aka buɗe ƙofa kaɗan, aka ajiye kasko biyu nesa da juna, aka gutsura musu busasshen kifi. Kakata ta hana a fara ba amarya, ta ce uwargida ce gaba. An dai yi mari ɗaya, ba jini, ƙaramar ta ruga ƙarƙashin gado ta yini.

Hutu ya ƙare na komo makaranta ba su gama shiryawa ba. Ranar ziyara ƙanena ya gaya mini har yanzu ba su kwana wuri ɗaya: tsohuwar tana riƙe da rumbu, ƙaramar ta kama ɗakin girki. Ya ce ta kama ɓeranta na fari, amma tsohuwar ta ƙwace ta cinye.