Ana Zaton Wuta a Maƙera: Yarda da Riƙon Sirri a Littafin Tolkien

Sau 2 na karanta littafin nan na J.R.R. Tolkien mai suna The Lord of the Rings, kuma tsakanin karatun farko da na biyu ra'ayina ya juya baki ɗaya. Marubucin shehin malami ne na harshe a Jami'ar Oksfod ta Ingila, littafin nasa kuwa ya fito cikin juzu'i 3 tsakanin 1954 da 1955. Labari ne na wata ƙagaggiyar duniya, inda Frodo, ɗan wata al'umma ta gajerun mutane da ake kira hobit, ya gaji zoben tsafi wanda azzalumin nan Sauron ya zuba ƙarfinsa a ciki. Mutanen kirki ba su da rundunar da za ta ja da shi. Babban makaminsu shi ne kada ya san inda zoben yake, da abin da ake nufin yi da shi.

A karatun farko haushi ne ya turnuƙe ni, domin na ga an ɗora rayuwar duniya a kan sirri, sa'an nan an danƙa sirrin a hannun masu sakin baki. Tun a littafin The Hobbit na 1937, Bilbo, wanda ya riƙi Frodo kamar ɗa, ya faɗa wa Gollum sunansa, alhali zoben da Gollum yake mutuwar so yana cikin aljihunsa. Da aka gana wa Gollum azaba a Mordor, wannan suna da na ƙasar Shire ya furta, aka aiko mahaya baƙaƙen dawaki farauta. Haka kuma a masaukin baƙi na garin Bree, bayan Frodo ya sake suna don ɓad da sawu, sai abokinsa Pippin ya ɗauko wa mutane labarin yadda Bilbo ya ɓace a tsakiyar biki. Frodo ya hau tebur yana waƙa don ya kau da hankalin jama'a, ya zame ya faɗi, zoben ya shige yatsansa, ya ɓace a gaban kowa, har da 'yan leƙen asiri. Mai masaukin kuwa ya mance da wasiƙar gargaɗi da aka ba shi ya aika wa Frodo, ta yi kusan wata 3 a wurinsa. Har shi Gandalf, mai hikimar da kowa ya dogara gare shi, da ƙafarsa ya tafi Isengard neman shawarar shugabansa Saruman, wanda tuni kwaɗayin zoben ya cinye, aka tsare shi a ƙololuwar hasumiya. Na tuna a gefen wani shafi na rubuta da fensir cewa wannan wauta ba ta dace da jarumai ba.

Ban daɗe da rubuta haka ba sai Allah ya nuna mini kaina. A farkon shekarata ta 2, mahaifina ya sayar da hatsi ya haɗa mini kuɗin rajista. Da zan fito, Inna ta ja ni gefe ta ce, "Ka kama bakinka, kada kowa ya san abin da kake ɗauke da shi." Na kama kuwa, har abokin ɗakina, wanda muka tashi unguwa ɗaya, ban bari ya sani ba. Amma da na tarar da dogon layi a wurin biya, wani mutum kamili, mai farar shadda da tattausan lafazi, ya matso ya ce shi ma'aikaci ne, zai biya mini ta intanet in huta da wahala. Cikin minti 10 na ba shi abin da na ɓoye wa abokin shekara 15. Ban sake ganinsa ba. Kunya ta sa na ƙara sirri a kan sirri, na yi mako 2 ina fita da safe kamar mai zuwa aji, ba na iya cin abinci. Ashe labarin zuciya a tambayi fuska. Wata rana da dare abokin nawa ya ajiye mini ambulan a kan katifa, ya ce, "Malam, mun daɗe da ganewa. Jira muke ka faɗa, ka ƙi." Shi da wasu abokai 3 suka yi karo-karo.

Da na koma wa littafin, sai na ga abin da haushi ya rufe mini ido a kansa. Tolkien bai jera kurakuran nan a matsayi ɗaya ba. Sirrin da ya fi yi wa Frodo amfani shi ne wanda ya kasa ɓoyewa. Ya yi niyyar sulalewa daga Shire ba tare da Merry da Pippin sun san dalili ba, sai ya tarar sun riga sun sani, domin Merry ya taɓa ganin Bilbo ya sa zoben ya ɓace, Sam kuma shi ne mai kai musu rahoto. Da Frodo ya ci nasarar ɓoye musu, da waɗannan biyun ba su bi shi ba, alhali Merry ne ya taimaka aka kashe shugaban mahayan nan, Pippin kuma ya ceci ran Faramir. Haka nan a Ithilien, Sam ya yi suɓul da baka ya ambaci zoben a gaban wannan Faramir, ɗan'uwan Boromir wanda ya nemi ƙwace shi da ƙarfi. Faramir bai taɓa shi ba, sai ma ya ba su guzuri ya sallame su.

Wanda ya fi kowa iya riƙon sirri a littafin kuwa shi ne Denethor, mai riƙon mulkin Gondor. Ya daɗe yana duba wani dutsen gani-nesa a ɓoye, bai shawarci kowa ba. Sauron ya riƙa zaɓar abin da zai gani a ciki, har ya yanke ƙauna, ya ƙone kansa ana tsakiyar yaƙi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma abin da aka kulle a ciki ba mai iya gyara maka shi.

Ta fuskar yarda ma haka abin yake. Gandalf ya amince da Saruman saboda muƙami da daɗewar sani, Sarki Théoden ya miƙa kunnensa ga mashawarcinsa Gríma saboda daɗin baki. Wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san irin wannan waziri. Amma Aragorn, da ya bayyana a Bree da ƙazamin mayafi, mutanen gari suna ƙyamarsa, shi ya fitar da su Frodo daga halaka. An yi zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Ni ma farar shadda na duba.

Saboda haka, a tawa fahimta, jaruman nan ba yawan magana ko ƙarancinta ne ya cuce su ba, rashin tantance wanda ya cancanci a gaya wa ne. Wannan kuwa ba wautar littafi ba ce, halin ɗan'adam ne, kuma marubucin da ya ba jarumansa wayon da ba su kuskure ya yi wa mai karatu ƙarya. Ina ganin mu ɗaliban adabi ya kamata mu yi hattara kafin mu yanke wa taurarin labari hukunci, domin mu muna zaune da littafin gaba ɗaya a hannu, su kuwa shafin da suke ciki kaɗai suka sani.

Rubutun fensir ɗin nan yana nan a gefen shafi, ban goge ba. Mahaifina kuwa sai da aka yi hutu na sami ƙarfin halin gaya masa. Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya tambaye ni sunayen abokan nan 4, ya ce in kawo masa su ya gan su.