Takardar da ke manne a gefen allonmu

Duk wanda ya tsaya gaban wannan allo zai ga wata takarda manne a gefen dama, an rufe ta da leda saboda ƙurar hunturu. Tun da muka liƙa ta ake tambayarmu ta mece ce, har wani ɗan aji ɗaya ya ce shi ya ɗauka laya ce. Mu 'yan kulob ɗin jarida muka rubuta ta, ga kuma dalili.

Kowa ya san halin ɗakin kwamfutarmu. Guda huɗu ne ke aiki, ajinmu kuwa ya haura mutum hamsin, kuma sai ranar da aka samu man janareta ake kunna su. In layi ya zo kanka, da ƙyar ka samu minti goma. Rabin lokacin yana tafiya wajen kokawa da linzami: ka tura shi dama, kibiyar ta tsere can sama, kafin ka kamo ta na bayanka ya fara taɓa maka kafaɗa.

A zangon da ya wuce muka ce a karon farko za mu buga rubuce-rubucen allon nan da kwamfuta maimakon biro. Muka yi kusan awa biyu muna karɓa-karɓa a manhajar Word, harafi ɗaya bayan ɗaya, da yatsa guda kamar kaza na tsintar tsaba. Saura sakin layi biyu mu gama, janareta ya yi tari ya mutu. Da aka sake tayar da shi muka buɗe, ba mu ga ko baƙi ɗaya ba. Ɗaya daga cikinmu har da hawaye. Malaminmu na kwamfuta ya tambaya, "Wa ya danna Ctrl da S?" Muka kalli juna. "Malam, mene ne shi?" Sai ya nuna mana maɓallai biyu da ake dannawa tare, aikin ya ajiyu a cikin daƙiƙa ɗaya.

Washegari ya kawo mana shafi uku da ya bugo a Birnin Kebbi, cike da irin waɗannan gajerun hanyoyi, sun fi ɗari, da Turanci, da ƙananan haruffa. Mun yi godiya, amma gaskiya sati biyu takardun suka yi a cikin jaka ba wanda ya duba. Mutumin da bai san inda harafin M yake ba, me zai yi da hanya ɗari? Sai muka zauna muka tsamo goma sha biyu kacal, waɗanda muke bukata kullum, muka rubuta bayaninsu da Hausa. Ctrl da S yana kan gaba, da jan biro. Ctrl da Z yana maido abin da ka goge bisa kuskure, shi ne ya cire mana tsoron taɓa na'urar. Ctrl da C yana kwafe rubutu, Ctrl da X ya yanke shi, Ctrl da V ya manna shi inda kake so. Da muka lura, Z da X da C da V duk a jere suke a layin ƙasa, kusa da Ctrl, yadda hannun hagu kaɗai zai iya aikin. Alt da Tab yana kai ka daga wannan manhaja zuwa waccan. Alt da F4 kuwa rufewa yake yi, don haka duk wanda ya ce ka danna shi ka ga abin mamaki, tsokana ce.

Sanin takarda daban, sabon hannu daban, ga shi kwamfutocin ba sa isa. Sai muka samo kwalayen taliya daga shaguna, kowa ya zana allon madannai a kai daidai girman na gaske, layin sama ya fara da Q, W, E, R, T, Y. Da dare a gida, ɗaya ya riƙe takarda yana kira, "Ajiye! Kwafa! Manna!" ɗaya yana dannan kwali. Kakar ɗayanmu ta leƙo ta ce, "Yanzu bokon har ya kai ga kiɗan kwali?" An yi mana dariya a Maruda ba kaɗan ba. Amma ranar da muka koma ɗakin kwamfuta, yatsun sun riga ido isa wurin.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Allon madannan na Turanci ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, alhali baki daban, baƙi daban. A Word akwai mafita: ka rubuta 0199 ka danna Alt da X, sai ya koma ƙ. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuma 0253. In harafin da ke kafin lambar a ne ko b, kamar a kalmar baƙi, na'urar takan haɗa su ta rikice, sai ka fara sa U+ kafin lambar. Wannan ba ya cikin shafi ukun Malam, shi ma sai da ya bincika. Yana ƙasan takardarmu.

'Yan aji shida, ku ne kuka fi kowa bukatar wannan magana. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yanzu kuma tambayoyi 180 ne cikin awa biyu. Wata yayarmu da ta gama bara, wadda duk makarantar nan ta san ƙoƙarinta, ta gaya mana cewa ranar jarrabawa ce karo na uku da ta taɓa zama gaban kwamfuta. Hannunta na rawa, linzami na zamewa, lokaci ya cika da sauran tambayoyin da ta san amsarsu. Makinta bai kai na kwas ɗin da take so a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ba, tana gida tana jiran shekara mai zuwa. Ba ta san cewa hukumar ta tanadi hanyar amsawa ba tare da linzami ba: A, B, C ko D don zaɓen amsa, N don tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Waɗannan ma mun sa su a wani akwati daban, domin a zauren jarrabawa ba a haɗa su da Ctrl, kuma S na can ba na ajiya ba ne, kada wani ya taɓa shi bai gama ba. Duk da haka a karanta umarnin da ke fuskar kwamfutar kafin a fara.

Sau biyu ana cire takardar nan daga allo. Ba mu yi fushi ba sosai, tunda alama ce wani yana bukatarta, amma zuwa Gwandu yin fotokwafi kuɗin mashin yake ci, kuma daga aljihunmu ne. Don Allah a kwafa a bayan littafi, ba ta kai minti biyar ba. Mai son kwali ya same mu ranar Laraba bayan Azahar a ƙarƙashin darbejiyar gaban ɗakin kwamfuta, ya zo da rula da biro.