Katin da bai kai kwalin ashana ba

Kaya in ya tsufa a hannun ɗan kasuwa, masu ba da shawara sukan yi yawa, kuma maganarsu ɗaya ce: a yar, a sayi sabo. Ni kuwa abin da shekaru talatin a kasuwa suka koya mini shi ne, sau da yawa ba kayan ne ya mutu ba, wani ɗan ɓangare ne ya gaji. Wanda ya gano ɓangaren ya tsira da kuɗinsa.

Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta hannu ce, a nan Ankara ta Gana na saye ta tun da daɗewa. Lissafin shagona duk a cikinta yake, da sunayen waɗanda nake bi da masu bi na, daga Nima har Kumasi da Kano. Da ita kuma muke kiran bidiyo da mahaifiyata a Katsina, saboda allonta babba ne, jikoki kan taru gaba ɗaya su gaida Hajiya. To, sai ta fara yanke mana magana. Hoto ya tsaya, murya ta kakkarye, Hajiya tana can tana "kuna ji na?" Tsohuwar da ta haura tamanin, kowane kira da ya katse abu ne da ba ka da tabbacin za ka sake samu.

'Yata ce ta lura da abin da ya warware zancen. Ta ce, "Baba, ai wayata ba ta yankewa, kuma rauta ɗaya muke amfani da ita, a ɗaki ɗaya." Ke nan ba laifin kamfanin layi ba ne, ba kuma na rauta ba. Matsalar tana cikin kwamfutar, a wani ɗan kati da ke kama Wi-Fi, wanda bai kai kwalin ashana girma ba.

Ga yadda na fahimci abin. Wi-Fi yana da manyan hanyoyi biyu, ta gigahaz 2.4 da ta gigahaz 5. Ta farkon tana ratsa bango, tana kai wa nesa, amma kowa a kanta yake: rautar maƙwabta, wayar da aka kunna wa hotsifot, har da Bluetooth. A unguwa irin Nima, inda ɗaki ke manne da ɗaki, da yamma hanyar kan cushe kamar bakin kasuwa ranar jajibirin salla. Ta biyun ba ta nisa sosai, amma akwai sarari. Wayar 'yata tana bin ta biyu. Katina kuwa na zamanin tsarin 802.11n ne, wanda aka tabbatar a 2009, kuma irin wanda bai san wata hanya ba sai 2.4.

Kafin na fitar da ko sidi ɗaya, na zauna da wani yaro mai gyara a Circle, ya buɗe bayan kwamfutar a gabana. Ya ce, "Alhaji, kati ba a sayensa da ido rufe, sai an ga gurbinsa." Gurbin iri biyu ne. Tsofaffin kwamfutoci suna da Mini PCIe, na baya-bayan nan suna da M.2, wanda ya fi siriri. Na wannan ba ya shiga na wancan, kuma har kan wayoyin eriya guda biyu, baƙa da fara, girmansu ya bambanta. Tawa Mini PCIe ce, don haka muka nemi Intel 7260. Shi ma sai an duba rubutun jikinsa, domin akwai mai alamar AC da ke bin hanyoyin biyu, akwai kuma wanda 2.4 kaɗai ya sani, lamba ɗaya, aiki daban.

Mai M.2 kuma ya kula da wani tarko. Intel AX200, mai Wi-Fi 6, yana aiki a yawancin kwamfutoci masu wannan gurbi. Ɗan'uwansa AX201 kamarsu ɗaya a ido, amma ba ya tashi sai da wasu furosesa na Intel da aka yi shi dominsu. Sannan wasu tsofaffin Lenovo da HP an kulle su, ba sa karɓar katin da ba ya cikin jerin da kamfanin ya amince da shi. A wasu sirara na zamani ma katin a like yake da allon ciki, ba ya fita. Mai irin wannan, ƙaramin Wi-Fi na USB ya ishe shi.

Aikin kansa bai kai rabin awa ba. Yaron ya fara sauke direban sabon katin a filashi, domin da zarar an cire tsohon, intanet ta tafi. Ya zare caja, ya cire batir, ya kwance ɗan sukurun, ya ɓalle wayoyin eriya a hankali, ya sa sabon, ya danna kawunansu har suka zauna. Kuɗin kati da na aiki ko kusa ba su kai kashi ɗaya cikin goma na sabuwar kwamfuta ba. Lissafina yana inda na saba ganinsa, kira kuma ya daina yankewa.

Amma kada kowa ya ruɗe. Kati ba ya ƙara data, ba ya gyara layin da ya yi rauni daga kamfani. In rautarka 2.4 kaɗai take bayarwa, kamar yawancin ƙananan MiFi masu araha, sabon kati ba zai nuna maka wani bambancin kirki ba. Don haka a fara da gwajin da ba ya cin ko kwabo: a ajiye waya kusa da kwamfuta, a kan Wi-Fi ɗaya, a ga wace ce ke yankewa.

In ya tabbata katin ne, ɗauki kwamfutar ka je da ita wurin mai kaya, kada ka aika yaro da suna a takarda. A sa a gabanka, ka ga ta kama hanyar 5 da idonka, sannan ka biya. Tsohon katin kuma ka karɓi abinka ka adana a ambulan, ranar da sabon ya ba da matsala kana da na komawa.