Ba a Cewa "Ki Yi Haƙuri" a Ɗakinmu

Duk mai nazarin Hausa ya san babu kalmar da Bahaushe ya ɗora wa kaya kamar haƙuri. Da ita ake ta'aziyya, da ita ake sallamar mai bin bashi, da ita kuma ake raka amarya ɗakin mijinta. To, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ni ina shugabantar wata 'yar ƙungiya wadda dokar farko da na kafa mata ita ce kada kowa ya furta wannan kalma ran da mace ta fara zuwa wurinmu.

Mu bakwai ne, dukkanmu mata, kuma aikin sa kai muke yi. Akwai nas biyu, da lauya, da malamar Islamiyya, da wata dattijuwa ungozoma, sai ni da wata ɗaliba. Masu zuwa wurinmu kuwa matan da mazansu ke duka ne, da waɗanda aka yi wa fyaɗe, manya da yara.

Malamar nan ta ja da ni a kan wannan doka, ta ce haƙuri ai umarnin Allah ne. Na ce haka ne, Malama, amma haƙurin da mutum ya ɗauka da kansa daban, wanda aka ɗora masa don a huta da maganarsa daban. Kafin mace ta iso ƙofarmu ta riga ta ji kalmar a bakin uwarta, da gwaggonta, da mai unguwa. Idan mu ma muka faɗa, abin da kunnenta zai ji shi ne "tashi ki koma". Ungozomar ce ta ba mu abin da muke faɗa a madadinta, watau: "Sannu, 'yata. Mun ji. Kin ci abinci?"

Sa'an nan akwai maganar agogo, wadda ita ta fi tsaya mini a rai. Wadda aka yi wa fyaɗe, akwai maganin da ke kare ta daga kamuwa da ƙanjamau, amma lalle ne ta fara shansa cikin awa 72, ta ci gaba har kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa shi ma ba ya wuce kwana 5. To, ina waɗannan awoyi suke tafiya? Wajen rufin asiri. A jira kawu ya zo daga wani gari, a kira iyayen yaron a zauna a zaure, a gasa yarinya da ruwan zafi, a wanke tufafin da likita da kotu za su so gani. Kafin a gama shawara mako ya zagayo. Shi ya sa tambayarmu ta farko ita ce "yaushe abin ya faru?", maganar wanda ya yi kuwa sai an dawo daga asibiti. Wuraren da aka keɓe domin wannan aiki sun fara da cibiyar Mirabel a Legas a 2013, daga baya aka sami Salama a Kaduna, da Waraka a Kano, da Nana Khadija a Sakkwato, kuma ba a karɓar ko kwabo. Ku dubi sunan nan Waraka, wanda ya raɗa shi ya san Hausa.

Tun da mujallarmu ta masu harshe ce, bari in ɗan tsaya a kan nahawu. Mukan ce "an lalata ta", ko "an ɓata ta". Ina aikau a wannan jimla? Ya ɓuya a bayan "an", an bar karɓau ita kaɗai a fili. Kuma abin da ya lalace, tuwo ne ko ƙwarya, kowa ya san makomarsa juji. Yarinya 'yar shekara 12 tana jin ana faɗin haka a kanta a tsakar gida, kuma ta fahimta sarai. Saboda haka a littafinmu na ajiye bayani na hana rubuta waɗannan kalmomi. Sai dai a rubuta wane ya yi mata fyaɗe, wane ya karya mata hannu.

Kada ku zaci masu cewa a yi haƙuri kaɗai nake tarewa. Ƙuruciya ma tana da nata zafin. Ɗalibar nan, da ta ga kumburarren ido, sai ta ce, "Yaya, ki rabu da shi, gobe mu kai shi kotu." Wannan ma na hana. Matar da ta shekara goma wani yana yanke mata abin da za ta ci da inda za ta taka, bai kamata ta zo hannunmu mu ma mu yanke mata ba. Aikin lauyarmu shi ne ta shimfiɗa mata hanyoyin da ke akwai. Dokar laifuffuka ta Arewa ta 1960, a sashe na 55, ta ƙyale miji ya hori matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Dokar tarayya ta 2015 da ake kira VAPP kuwa ta mai da dukan mata laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ta kuma ba kotu ikon hana mai dukan kusantarta. Amma ita wannan doka Abuja ta shafa, sauran jihohi sai kowace ta kafa tata, kamar yadda Kaduna ta yi a 2018. Abin da ya fi ba mata mamaki shi ne na kotun shari'a. Da yawa sun ɗauka sai sun biya hul'i za su fita, alhali a mazhabar Malikiyya alƙali yana iya raba aure saboda cutarwa ba tare da ta mayar da sadaki ba, idan cutarwar ta tabbata. Don haka ne nas ke rubuta kowane rauni da kwanan watansa, ko da matar ta ce ba za ta kai ƙara ba.

Da yawansu komawa suke zaɓa, saboda 'ya'ya, ko saboda gidan uban ba shi da ɗakin da za su kwana. Al'adarmu da ma ta tanadi yaji da biko, sai dai bikon ya zama na goro da gaisuwa kawai. Mu abin da muke nema shi ne a faɗi laifin da sunansa a gaban waliyyai, a gindaya sharaɗi, ita kuma ta koma da sanin gidan da za ta ƙwanƙwasa cikin dare, da 'yan kuɗin mota a wurin wadda ta amince da ita. Wadda ta zaɓi fita kuwa mukan ƙara sa mata ido, domin a lokacin rabuwa ne mai duka ya fi zama haɗari. Ko mu kanmu ba mai zuwa irin wannan gida ita kaɗai.

Akwai wadda ta koma sau uku, ta dawo mana sau uku. A karo na ukun na ga bakin ɗaya daga cikin nas ɗinmu yana motsi, na san "ai mun faɗa miki" ce ke tafe, sai na aike ta ta kawo ruwan ɗumi da auduga. Matar nan yanzu tana gidan yayanta da 'ya'yanta biyu, tana saƙar hula, ƙararta kuma tana gaban alƙali.